Tambaya: Yaya tsuntsu ke numfashi a can sama, inda mutum ke shiɗewa?

Mai Tattabarun Agege:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya, na kuma san a cikinmu akwai malamai da ma'aikata da suka fi ni sanin irin waɗannan abubuwa.

Ni mutumin Zamfara ne, daga wajen Kwatarkwashi, amma shekarata 22 a Agege. Ɗinki ne sana'ata, tattabaru kuma su ne hutuna. Ɗakinsu yana saman benen da nake haya, hawa uku. Kullum sai na hau sau huɗu ko biyar, wani lokaci da jarkar ruwa a hannu, wani lokaci da rabin buhun dawa a kafaɗa, ban taɓa tsayawa a tsakiyar matattakala don in huta ba. Na faɗi wannan ne don ku san lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Ƙanena da ke koyarwa a Gembu ya yi aure, muka tafi. Daga Serti, da muka wuce Mayo Selbe, mota ta kama hawa, hanya tana naɗewa a jikin dutse, kunnuwana suka toshe ɗif, sai na haɗiyi yawu kafin su buɗe. Ledar biskit ɗin da na saya wa yara a Jalingo, kafin mu isa Nguroje ta kumbura tam kamar wani ya hura ta. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari bayan ɗaurin aure aka ce mu je gaida dangin amarya. Gidan yana kan wani tudu, tafiyar da ba ta fi minti 20 ba. Ban kai rabi ba na fara haki. Ƙirjina yana bugawa, ina jan numfashi amma kamar ba ya isa inda ya kamata ya isa. Wani dattijo da ya girme ni da kusan shekara 20 ya zo ya wuce ni da sandarsa, har yana yi mini sannu. Na samu dutse na zauna. Ƙanena ya ce kada in damu, haka garin yake yi wa baƙon da ya taso daga bakin teku, wai iskar oksijin ta fi ƙaranci a kan tudu.

Ina zaune a kan dutsen nan na ɗaga kai, sai ga wasu manyan tsuntsaye guda uku suna jewa a can sama, sama ƙwarai, ko fiffike ba sa kaɗawa. Na ce a raina, ikon Allah, ni da nake ƙasa iska ta gaza mini, su da suka fi ni nisa da ƙasa me suke shaƙa?

Da na dawo Legas abin ya ƙara dawo mini. Ina da wasu tattabaru masu tashi sama, in na sake su da sassafe sai su yi ta hawa har su koma ɗigo, jiragen da ke sauka Ikeja ma wani lokaci sai in ga kamar a ƙarƙashinsu suke wucewa. Su yi awa biyu ko uku, su sauko, su sha ruwa, namijin ya hau zagayen macen yana guɗa kamar ba abin da ya faru.

Tambayata ita ce: shin da gaske iska tana ƙarewa in an yi sama? In haka ne, me Allah Ya sa a jikin tsuntsu da babu a namu? Kuma iyakar ina tsuntsu zai iya kaiwa? Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani da Hausar da zan gane.

Ɗan Obalende:

Wa alaikumus salam Baba. Ni a ganina ai iska ta fi yawa a sama. Hau saman bene ka ji yadda take kaɗawa, ka sauko cikin lungu ka ji zafi. Amma maganar hakin nan gaskiya ce, don masu kallon ƙwallo sun san ta. A 2009 Bolibiya ta ci Ajantina 6 da 1 a La Paz, ga Messi a fili, ga Maradona yana koci. Filin yana kan tudu, kusan mita 3,600, baƙi kafin a je hutun rabin lokaci sun fara dafa gwiwa. Mu jira malamai su raba mana gardama.

Malamar Kimiyya, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya sanya alheri a auren. Tambayarka ta yi mini daɗi, don kowace shekara sai na koyar da numfashin tsuntsu a aji, amma da wuya in samu ɗalibin da ya taɓa riƙe tsuntsu mai rai a hannunsa, balle ya san halinsa kamar yadda ka sani.

In fara da ƙanena na Obalende. Hausa ce ta haɗa mana abu biyu a kalma ɗaya. Iskar da ke kaɗawa daban, yawan iskar da ke cikin numfashi ɗaya daban. A sama tana kaɗawa da ƙarfi, gaskiya ne, amma sakwaf take. Iska tana da nauyi, ta sama tana danne ta ƙasa, kamar yadda in aka jibga buhunan auduga na ƙasa ke matsewa. Mu da muke Legas, daidai da teku, muna ƙarƙashin jibgin gaba ɗaya, shi ya sa iskarmu a matse take. Kason oksijin kuwa bai canzawa, kashi 21 cikin 100 ne a Agege, haka yake a Gembu, haka yake a kan Ebarest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya. Abin da ke raguwa shi ne matsin. A tudun Mambila, inda Gembu take, wajen mita 1,600, kowane numfashi da ka ja ya rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da ka saba samu a gida. A mita 5,500 rabi ya tafi. A ƙololuwar Ebarest, mita 8,849, kashi ɗaya cikin uku kaɗai ya rage. Ledar biskit ɗinka shaida ce: an rufe ta da iskar ƙasa, da ta hau tudu sai ta waje ta kasa danne ta.

Game da tattabarunka, tsuntsu mai girmansu ko a mita 1,000 yake sai dai ka ga ɗigo, in ma ka gani. Wato kai da kake zaune a kan dutsen nan na Gembu, mai yiwuwa ka fi su nisa da teku. Amma wannan bai rage wa tambayar komai ba, don kai tafiya kake yi, su kuwa tashi suke yi, kuma babu aikin da ke cin oksijin a jikin dabba kamar kaɗa fiffike.

Yanzu ga asirin. Huhunmu kamar lungun da ba ya ɓullewa yake. Ta inda iska ta shiga ta nan za ta fito, kuma ba ta fita duka, kullum akwai ragowar tsohuwa a ciki, sabuwa ta zo ta gauraye da ita. Ka ɗauki kasuwar da ke da ƙofa ɗaya, masu shiga da masu fita suna gwamutsuwa a wuri guda.

Huhun tsuntsu titi ne mai hannu ɗaya. Shi kansa huhun ba ya buɗewa ba ya tsukewa kamar namu, a manne yake da haƙarƙari. Masu aikin jawo iska da tura ta wasu jakunkuna ne masu siririn tantani, galibi guda 9, wasu a gaba wajen wuya da ƙirji, wasu a baya wajen ciki. Ka san zugazugin maƙeri? Fata biyu, yana danna wannan yana ɗaga waccan, wuta ba ta taɓa rasa iska. To haka. Idan tsuntsu ya ja numfashi, yawancin sabuwar iska tana zarcewa jakunkunan baya. Idan ya saki numfashi, jakunkunan bayan nan su matse, su tura ta ta ratsa huhu. A ja na biyu ta koma jakunkunan gaba, a saki na biyu ta fita waje. Numfashi biyu ke nan kafin iska ɗaya ta gama zagayenta, amma abin lura shi ne, ko ja yake yi ko saki, iska tana ratsa huhunsa ta fuska ɗaya, ba ta komawa da baya. Mu kuwa lokacin da muke sakin numfashi babu sabon abin da ke shigowa.

A cikin huhun kuma akwai ƙananan bututu jere, iska na bi ta cikinsu, siraran hanyoyin jini na gitta su. Jinin yana tsintar oksijin daga farkon bututu har ƙarshensa, don haka yana tatsar iskar fiye da yadda namu ke iyawa. Tantanin da ya raba iska da jini a wurinsu galibi ya fi na dabbobi masu shayarwa siranta, oksijin ba ya shan wahalar ƙetarawa.

A 1968 wani masani a Jami'ar Duke ta Amurka, Vance Tucker, ya gwada abin a fili. Ya sa gwarare da ɓeraye a cikin akwati, ya rage matsin iskar ciki har ya yi daidai da mita 6,100. Ɓerayen suka kwanta sharaf, da ƙyar suke jan ciki. Gwararen kuwa suna nan garau, har suna iya tashi. Ka lura, gwara ce ta gari, ba tsuntsun tsauni ba. Wato wannan baiwa duk tsuntsu yana da ita, har kazar gidanka. Akwai kuma waɗanda aka yi wa ƙari a kai, zan dawo kansu in na gama duba takardun yara.

Hajiya Mai Kaji, Mile 12:

Malama, Allah Ya ƙara basira. Wallahi shekarata 15 ina gyaran kaji, kullum hannuna a cikin cikinsu, sai yau na san abin da nake gani. In ka zaro kayan ciki, hanta da ƙundu da hanji da zuciya duk tare suke fitowa, amma huhu ba ya biyo su. Sai ka sa yatsa ka kankare shi daga tsakanin haƙarƙari, ja jawur, ga shatin ƙashin a jikinsa layi-layi. Huhun rago kuwa ka san yadda yake, lubus, yana reto. Sannan akwai wani tantani kamar farar leda da ke fashewa da an buɗe ciki, muna wanke shi mu zubar. Ashe jakunkunan da kike faɗa ke nan.

Sai dai Malam mai tambaya, kada ka ɗauka duk mai fiffike ne ya tsira. Kafin mu dawo Legas a Jos muke, can na fara kiwon kajin gidan gona, masu saurin girman nan da ake yankawa a sati 6 ko 7. Wata shekara cikin hunturu na toshe ko'ina na ɗakin da buhu da leda saboda sanyi, ga garwashi na kunna musu. Da suka shiga sati na biyar sai manyan cikinsu, waɗanda na fi sa wa rai, suka fara zama suna haki, tukkunsu ya yi duhu, ciki ya kumbura. Da na buɗe wadda ta mutu, ruwa ne ɗorawa-ɗorawa ya cika cikin, zuciyar ta yi girma ta saki. Na yi kuka ranar, don bashi na ci na zuba su.

Likitan dabbobi da ya zo ya ce mini naman jikinsu ya fi ƙarfin huhunsu da zuciyarsu. Jos tudu ce, wajen mita 1,200, ga sanyi yana sa jiki neman ƙarin oksijin, ni kuma na zo na toshe musu iska. Zuciya ta yi ta fama tana tura jini cikin huhu har ta gaza, ruwa ya taru a ciki. Ya ce ciwon sananne ne a ƙasashe masu tsaunuka. Kajin Hausa da ke yawo a tsakar gida kuwa ko tari babu wadda ta yi. Tun daga ranar, ko wane irin sanyi ake yi, sai na bar wa kaji kafar iska ta sama.

Tsohon Makanikin Jirgi, Ikeja:

Salamu alaikum. Na yi shekara 31 ina gyaran injin jirgin sama kafin in yi ritaya, tsuntsu kuma abokin gabarmu ne a wajen aiki, don in ya faɗa inji mu ke kwana muna ciro gashi da ƙashi. Yawancin karon a kusa da ƙasa yake faruwa, wajen tashi ko sauka. Amma akwai guda ɗaya da ya amsa tambayarka ta uku, Malam.

Ranar 29 ga Nuwamba 1973, wani jirgin fasinja yana tafiya a samaniyar Abijan, a ƙafa 37,000, wato wajen mita 11,300, sai wani abu ya faɗa injinsa ɗaya. Aka kashe injin, jirgi ya sauka lafiya. Da aka buɗe sai ga ragowar gashin tsuntsu. Aka aika Amurka, wata ƙwararriya mai suna Roxie Laybourne ta cibiyar Smithsonian ta duba, ta ce gashin babbar ungulun nan ce da Turawa suka sa wa sunan Bajamushe Rüppell. Ita ce mu muke kira mikiya, wasu su ce maiki. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu a sama da nan ba.

Ka auna wurin da kyau. Ya ɗara Ebarest da fiye da mita 2,400. Matsin iska a can bai kai rubu'in na Legas ba, sanyi kuma ya kai ma'auni 40 ƙasa da sifili. Mu da muke zaune cikin jirgi muna shan shayi, inji ne ke dura mana iska a ciki, yana riƙe ta kamar muna kan tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400. In wannan iska ta zurare a irin wancan nisa, mutum bai fi minti ɗaya yana cikin hayyacinsa ba. Dalilin da ya sa ke nan ma'aikatan jirgi ke cewa ka fara sa wa kanka abin shaƙar iska kafin ka sa wa yaronka. Ba rashin tausayi ba ne, in ka tsaya ɗaura masa kai kana iya suma kafin ka gama.

Ba wai kullum mikiya can take yini ba. Abincinta mushe ne, tana hawa ne daidai inda za ta hango ƙasa mai faɗi ta kuma ga inda 'yan'uwanta suka fara sauka. Kuma da wayo take hawa. Sai rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta fara tasowa, sai ta shimfiɗa fukafukanta, faɗinsu ya haura mita 2, ta yi ta kewaya a ciki iskar tana ɗaga ta. Shi ya sa ba ka ganin jewarta da asuba. Waɗanda ka gani a Gembu ba sa kaɗa fiffike, ko wane iri ne, wannan dabarar suke yi.

Malamar Kimiyya, Idi-Araba:

Na gode Baba, ka hutar da ni rabin aiki. Hajiya, labarinki zan kai shi aji gobe in kin yarda, ya fi zanen da ke cikin littafi.

Saura maganar jini. Abin da ke sa jini ja, himogulobin, shi ne ɗan dakon oksijin: ya ɗauka a huhu, ya sauke a tsoka. Inda iska ta yi sakwaf, ɗan dako na yau da kullum ba ya cika kaya. Na mikiya kuwa an gwada shi, yana damƙar oksijin da ƙarfi ko da kaɗan ne a wurin.

Wadda aka fi bincika a wannan fanni wata dinya ce ta Asiya, mai ratsi biyu baƙaƙe a ƙeya. Tana hayayyafa a Mongoliya da tudun Tibet, in sanyi ya shigo ta gangara Indiya, tsaunukan Himalaya kuma a tsakani suke, babu hanyar kewaye. Ni ita ta fi ba ni mamaki a kan mikiya, don ita ba ta jewa. Kaɗa fiffike take yi tun daga tashi har sauka, tana iya tasowa daga kusa da teku ta ƙetare tsaunukan cikin awa 7 zuwa 8. Mutum in zai hau irin wannan nisa sai ya yi makonni yana hawa yana yada zango don jikinsa ya saba. Himogulobin ɗinta, in ka ɗauke shi kamar carbi mai ƙwaya fiye da 140 a kowane zare, bambancinsa da na 'yar'uwarta da ke zaune a kwari bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. 'Yan ƙwayoyin nan su suka sa yake damƙar oksijin da ƙarfi. Huhunta ya fi na sauran dangin girma, numfashinta mai zurfi ne, hanyoyin jini kuma sun yi yawa a tsokar ƙirjinta da ta zuciyarta.

Akwai kuma abin da kowa zai iya tunawa. Wanda ya taɓa hura garwashi da baki na ɗan lokaci ya san jirin da ke biyo baya. Saurin numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwarmu su tsuke, kai ya juya. Ka ga mai hawan dutse yana tsaka mai wuya: dole ya yi haki don ya samu oksijin, hakin kuma yana rage jinin da ke zuwa kansa. Tsuntsu yana iya yin haki iya son ransa, jini bai fasa zuwa ƙwaƙwalwarsa ba.

Amma ina so in gyara wata magana da ta yaɗu, cewa dinyar nan ta kan ƙololuwar Ebarest take bi. Da aka ɗaura wa 91 daga cikinsu na'urar bin sawu, mafi nisan da aka samu mita 7,290 ne, yawancin tafiyar kuma ƙasa da mita 5,500 suka yi ta, ta kwazazzabai da mashigin duwatsu. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna bin ƙasa suke yi, tudu ya taso su taso, kwari ya zo su gangara, ko da za su sake hawa. Sun kuma fi tafiya da dare, lokacin da sanyi ya sa iska ta ɗan yi kauri. Iska sakwaf ba numfashi kaɗai take hanawa ba, fiffike ma ba ya samun abin takawa, sai an ƙara kaɗawa, zuciya ta ƙara gudu. Duk da abin da aka ba ta, ba ta hawa inda babu dole. Wannan ya fi burge ni a kan labarin Ebarest ɗin.

Malam, in kana son ka ji da hannunka, ka kama tattabara ɗaya da zarar ta sauko, ka ɗora yatsa a gefen ƙirjinta. A cikin tashi zuciyarta tana haura bugu 600 a minti. Tamu ko gudu muke yi da wuya ta kai 200.

Mai Tattabarun Agege:

Jama'a na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara wa iyaye lafiya. Malama, na yi abin da kika ce yau da safe. Wani baƙin namiji da nake ji da shi, yana sauka na kama shi. Ban iya ƙirgawa ba, abin ba bugu ba ne, kamar kakkarwar keken ɗinkina ne in na taka shi da sauri. Kafin in kai shi bakin kaskon ruwa har ya lafa. Jiya kuma da maiɗakina za ta gyara kaza na ce ta dakata, na kira yara muka duba tare. Ga huhun nan manne da haƙarƙari kamar yadda Hajiya ta faɗa, ga farin tantanin. Ƙaramin ɗana ya karya ƙashin fiffike na sama ya ce, Baba, wannan ai rami ne a ciki. Hajiya, ni ma na je na buɗe kafar da na toshe a ɗakin tattabaru saboda feshin damina.

Amma maganar Baba na Ikeja ce ta hana ni barci. Maiki fa! A gindin dutsensa na girma. Muna yara, in ka taso daga Gusau ka doshi Kwatarkwashi, tun daga nesa za ka ga fuskar dutsen ta yi fari-fari da kashinsu. Da hantsi, in rana ta fara zafi, sai su riƙa sakin jiki daga kan dutsen ɗaya bayan ɗaya, su yi ta kewayawa suna hawa har wuya ya gaji da kallo. Dattawa suna ba mu labarin kamun maiki da samarin da suke yi a kan dutsen. Ban taɓa sanin cewa tsuntsun da muke kwana a ƙarƙashinsa shi ne ya fi duk wani mai fiffike a duniya yin sama ba.

Zuwana gida na ƙarshe na tsaya a bakin hanya na daɗe ina duban dutsen, ban ga ko ɗaya ba. Ungulu ma ta gari, wadda da ba a raba ta da mahauta da bayan kasuwa, yarana da aka haifa a nan Legas ba su taɓa ganin ta ba sai a waya. Na tambayi ƙanena ya bincika mini, ya ce tun 2015 aka sa mikiya da ungulun a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe tana kashe su da yawa a lokaci guda, ga masu sayen kai da ƙafa don tsibbu, ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ni da idona na ga busassun kawunansu a shimfiɗe a kasuwa a garin nan, na wuce ban ce komai ba, don ban san abin da nake kallo ba.

Malama, ƙanena ya ce mini akwai gidauniyar kare namun daji da ke Lekki da ke aikin wayar da kai a kan ungulu, kuma Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranarsu ta duniya. In makarantarku za ta kai ɗalibai, don Allah ki sanar da ni a nan, zan rufe shago in kawo nawa guda uku. Baba na Ikeja, in akwai hoton mikiya a wajenka tana shimfiɗe da fukafukai, ka sa mana shi a zauren, ina so in nuna wa mahaifiyata in ji ko irinta ce take gani a kan dutse lokacin da take zuwa ɗiban ruwa.